Bayan da Hannu Ba Ya Kaiwa

Ranar 9 ga Maris 1998, kusan shekara arba'in da biyar da tsagaita wutar yaƙin Koriya, ina zaune a ɗakin jiran likitan fata a Busan, Koriya ta Kudu. Wani dattijo, Pyo, yana ta goga bayansa a jikin kujera. Gwak, na kusa da shi, wanda bai san shi ba, ya tanka.

"Malam, za ka karya musu kujera."

"Ƙuraje ne masu ruwa a tsakiyar baya. Tun rasuwar matata babu mai shafa mini magani. In ƙaiƙayin ya taso, gabana ya yi ta faɗuwa ke nan, numfashi ya gagara."

"Ka je gidan wanka mana, a cuɗa maka."

"Wa zai taɓa wannan bayan?"

"Wace shekara aka haife ka?"

"Shekarar Doki, a lissafinmu na gargajiya."

Gwak ya miƙa masa hannu.

"Sa'an wana ne kai. Ni nake cuɗa masa baya, kafin jirgin 'yan gudun hijira ya taso da ni, ya bar shi a Koriya ta Arewa. Kawo maganin, Yaya."

"A nan? Gaban mutane?"

"Ɗaga rigar. Shi ma haka yake da gardama."

Sau biyu aka kira sunan Gwak bai tashi ba, yana shafa wa Pyo magani. Shi ne na ƙarshe da likita ya duba ran nan.