Saniyar laka da Aminu ya roƙe ni in ɓoye

Assalamu alaikum, Malam mai gabatar da shiri, da masu saurare. Ni ce Malama Hadiza, metires mai koyar da 'yan matarnel, wato ajin share fagen firamare, a unguwar Roumdé Adjia, nan Garwa.

Akwai yaro a ajina, Aminu, ɗan shekara biyar, yana hannun kakarsa. In na kawo laka mu yi gini, sai ya koma gefe ya harɗe hannu. Ashe ranar da ya koma gida da ɗigon laka a riga, duka ya sha. Yatsunsa har yanzu ba sa iya riƙe alli, ga shi baɗi zai shiga firamare.

Na je na gaida Hajiya, kakar tasa, na ce murza lakar nan ce ke ƙarfafa yatsun yaro kafin rubutu. Ta ce, "Metires, boko na kai shi, ba ginin tukwane ba."

Sai na kawo tsohuwar rigar ɗana, na ɗora masa a kan tasa. Ranar ya gina saniya har da tozo, yana dariya. Da aka tashi ya miƙo mini ita, ya ce, "Ki ɓoye, kar Kaka ta sani."

Malam, abin ya tsaya mini a rai. Ba na so in koya masa ɓoye wa kakarsa abu, ba na kuma so in hana shi lakar. Iyayenmu mata masu saurare, da wane baki zan koma wurin Hajiya?

Ina gaida malaman matarnel na Garwa baki ɗaya.