Rawanin da Farfela Ta Cinye

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Da ƙafafuna na hawo nan yau, amma saura ƙiris da a akwati za a dawo da ni gida.

Kun dai san ni da tambaya. A Saudiyya aikina share wani ƙaramin filin jirgi ne a ƙauye, kan hanyar Makka, kafin inda mu da ba Musulmi ba muke kaucewa. Jiragen wurin kujera biyu ne, babu ƙofa babu rufi, kamar babur da aka ɗora wa fiffike, farfela a baya. Kullum ina riƙe da tsintsiya ina mamaki: wai me ke riƙe wannan abu a sama?

Akwai wani matuƙi, Abdulƙadir, haifaffen Makka, kakanninsa Kanawa ne. Na dame shi har ranar nan ya ce, "Khalas, ya akhi, ka ishe ni! Yalla, hau ka gani da idonka."

Da ma da safen ranar ya ba ni kyautar jan rawanin nan na Larabawa. To, wa ke tuɓe kyauta a gaban mai ita? Na naɗa shi a wuya, na cusa jelar cikin riga, na zauna a bayansa. Bai lura da rawanin ba.

Muka tashi. Kai, duniyar Ubangiji da faɗi take! Na sunkuya ina neman inuwarmu a kan yashi, sai iska ta fizge rawanin, ya faɗa cikin farfela. Ƙara! Jirgi ya hau karkarwa, Abdulƙadir ya kashe inji.

Shiru. Iska kaɗai nake ji.

Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye muku ba. 'Yata da aka haifa bayan tafiyata ta faɗo mini a rai, ban taɓa ɗaukarta ba. Na ce, "Yesu, ban san me ke riƙe jirgi ba, amma kai ka riƙe ni!" Abdulƙadir yana yin tasa addu'ar a kujerar gaba, hannunsa bai saki ƙarfen tuƙi ba.

Muka sauka cikin yashi, taya ta nutse, jirgi ya kife. Kafaɗata ta karye. Shi ya jawo ni waje, goshinsa na jini, yana cewa, "Kana da rai? Yi magana mana, sarkin tambaya!"

Har yau ina tambayar kaina yadda abu marar inji ya sauko da mu a hankali haka. Abdulƙadir ya yi mini bayanin fiffike a asibiti, na ji, amma na san wanda na kira.

Na gode wa Ubangiji! Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, tun kafin ku gane yadda zai yi. Jiya na ɗaga 'yata sama da wannan kafaɗar, ta yi dariya. Halleluya!