Yaran Ajina Suka Koya Mini Addu'a

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu, Fada, iyaye da 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da ni, maganata a hankali take fita yanzu.

Sunana Rifkatu, a kasuwar Gusau an fi sanina da Maman Yakubu mai ɗinki. Na daɗe ina koya wa yara katikizim a cocin nan, ina shirya su don karɓar Jibin Ubangiji na farko. Gaskiyar da zan faɗa a gabanku ita ce, girman kai ya cika ni. Yaro ya yi tuntuɓe a addu'a, sai tsawa, wani lokaci har da bulala. Da Fada ya haɗa ni da Saratu, wata budurwa da ta taso daga Tsafe, ya ce ta riƙa taimaka mini, aikin da na ba ta shi ne shara da jera benci. Shekara biyu ban bar ta ta buɗe baki a gaban yara ba. Allah ya gafarta mini!

Wata Talata da hantsi ina kan keken ɗinki, almakashi ya suɓuce daga hannuna. Na sunkuya in ɗauka, hannun ya ƙi. Maƙwabciyata a kasuwa, Hajiya Balki, ta leƙo ta ce, "Maman Yakubu, mi ya samu bakinki?" Na so in amsa, sai wani gurnani ya fito. Ita ta tare Keke Napep ta kai ni asibiti, Allah ya saka mata. Likita ya ce hawan jini ne ya shanye mini ɓarin dama.

Wata huɗu ina gida. Ina jin komai, ina gane komai, amma harshe ya yi nauyi. Ko addu'ar Ubanmu Wanda Ke Cikin Sama na kasa. Kunya ta hana ni zuwa Mas a coci. In mata suka zo gaisuwa, sai in juya fuska bango.

Ran wata Asabar da yamma na ji hayaniya a ƙofar gida. Saratu ce da yaran aji duka. Ta durƙusa ta ce, "Mama, sun ce ba za su yi darasin yau ba sai a gabanki."

Suka zauna a tabarma. Wata 'yar ƙarama, Godiya, wadda na fi yi wa tsawa, ta matso ta kama hannuna na dama da ya mutu, ta kai shi goshina, ta kai ƙirjina, ta kai kafaɗuna, ta yi mini alamar gicciye. Suka ɗauki addu'ar A Gaishe Ki Maryamu. A zuciyata na ce, ya Ubangiji, ban cancanta ba, amma ka ba ni ko kalma ɗaya in amsa wa yaran nan.

Da suka kai ƙarshe, sai na ji bakina ya ce, "Amin."

'Yan'uwa, da kunnena na ji! Maigidana ya fito da gudu ba takalmi. Saratu tana kuka, yara suna tsalle. Yabo ga Yesu!

Daga ranar, kowace Asabar suna zuwa. Su faɗi layi, in maimaita. In na yi kuskure, Godiya ta ce, "Ba komai, Mama, a sake." Na nemi gafarar Saratu, ta ce ita ba ta riƙe ni da komai ba.

Har yanzu ina shan magani, hannun kuma bai koma ɗinki ba, amma raina a kwance yake. Saratu ce ke riƙe da aji, kuma ta fi ni iyawa nesa ba kusa ba. Ni ina zama a bencin baya, ina raba wa yara kunu. Mu matan zumunta muka ɗauki nauyin man babur ɗin katikis, malamin cocinmu da ke zuwa Bungudu koyarwa.

Na gode wa Allah, na gode wa Uwarmu Maryamu da ta roƙa mini. Mai ciwo a cikinku, kada ka fid da rai, Ubangiji yana ji ko bakinka bai motsa ba. Iyaye kuma, in an tashi yau, ku je ku gaishe da malaman 'ya'yanku, ku tambaye su me suke bukata. Saratu tana can baya, kusa da ƙofa. Da ita za ku fara.

Amin.