Carbina da Injin Tururi

Injin markaɗen Umma ne ya kai ni Makka. Ku da kuke ƙanana lokacin kun dai ga an zo da a-kori-kura an ɗauke shi, aka ce muku gyara za a kai shi. To ba gyara ba ne. Sayar da shi ta yi, Yaya Sani ya cika, aka biya ejan ya samo mini bizar aikin wata shida. Ni kuwa sai cika baki nake: "Umma, injin da zan je in taɓa, naki ko ƙusa ɗaya ta jikinsa bai kai ba." Ta ce Allah ya tsare. Ban ma amsa da kyau ba, ina duba ko na sa kwalin digirina a jaka.

Sunan dai ci-rani, amma can da sanyi ake yinsa. In zafi ya kama, kowane ɗaki a Makka na'urar sanyinsa na gurnani, mukayyif suke ce mata, ba wanda ya isa ya kashe injin wuta ko na awa ɗaya. Sai gari ya yi sanyi ake tsayar da injinan ɗaya bayan ɗaya a buɗe cikinsu, a kwaso irinmu mu zo mu taya.

A unguwar Kudai aka sauke mu, mu shida a ɗaki. Mai gadin gidan, haris ake ce masa, kalma ɗaya ya iya.

"Ya haris, babu moya a famfo."

"Bukra."

"Jiya ma bukra ka ce!"

"Aiwa. Bukra."

Wato gobe. Haka muka riƙa jido ruwan wanka daga masallacin layin a gorar roba, ni da digirina.

Tashar wutar tana bakin teku, can bayan an fita iyakar Harami. Ana sallame asuba mota ke kwasar mu, sai rana ta fito mu isa. Aikinmu rota. Ku ɗauka wata sandar ƙarfe ce doguwa, ta fi tirela tsawo, ta ninka tirelar da kayanta nauyi, jikinta duk fukafukai layi-layi. Tururi ke bugun fukafukan ta juya, juyin nan shi ne wutar. In za a yi gyara sai a cire murfin injin na sama, winshi, wato ƙugiyar da ke tafiya a rufin ɗakin, ya ciro ta ya kwantar a gefe. Cirowar da sauƙi. Mayarwar ce masifa, don tsakanin fiffike da bangon injin ko yatsanka ba ya shiga.

Wanda ke ba winshi umarni mutum ɗaya ne, Baffa Haruna. Larabawa Amm Harun suke ce masa. A Mansur, unguwar Hausawan Makka, aka haife shi, kakansa ne ya tako daga Haɗeja a ƙasa, shi ko ganin Nijeriya bai taɓa yi ba. Hausarsa rabi Larabci ce, sauran rabin kuma irin ta kakanninmu. Satina na farko na cika shafi uku da dabarun yadda za a rage lokacin ɗagawa, har da zane, na kai masa. Ya juya takardun, ya miƙo mini.

"Mashallah, Muhandis. Khaɗɗinka da kyau, rubutu kamar na malami. Je ka goge igiyar can."

Shugaban aikin kuwa Bamisire ne, kowa na ce masa Bash-muhandis, babban injiniya ke nan. Ni na zaci sunansa Bashir. Kwana goma ina gaishe shi da Malam Bashir kafin Baffa ya ja ni gefe. Ku yi dariyarku, wannan ƙarami ne.

Da an buɗe inji ake kewaye shi da igiya, a sa tebur a ƙofa da mutum mai rajista. Duk sifanar da ta shiga an rubuta ta, in ta fito a soke. Aljihu kuwa zazzage shi ake yi: biro, kwabo, agogo, zobe, duk a bari a tire. Ni abin haushi yake ba ni. Har na rubuta shawarar yadda za a rage layin binciken.

Ranar da za a mayar da rota, muna idar da azahar wata dabara ta faɗo mini game da yadda za a riƙe igiyar jagora. Na tashi da sauri. Carbina, wani na dutse mai ruwan ƙasa da na saya a Mansur satin da na sauka, na naɗe shi a wuyan hannu kamar kullum, hannun rigar aiki ya rufe shi. Mai rajista ya laluba aljihuna, ya ce in wuce.

An riga an ɗago rota tana tahowa a sama sannu-sannu. An cire duk toshiyar da aka rufe ramukan injin da ita, har ramukan mai na boris, wato matashin da rota ke kwanciya a kai. Na hau dakalin injin, na miƙa hannu ina nuna wa Baffa, "Baffa, da za a ɗaura ta nan..." Hannun rigata ya maƙale a kan wata ƙusa. Na fizga.

Kar-kar-kar-kar.

Ba zan manta ƙarar nan ba. Ƙwayoyin suna tsalle a cikin injin kamar an watsa wa kaji dawa. Na ɗaga kai na ga rota na matsowa. A dokar wurin mutum ɗaya ke cewa a tafi, amma kowa na iya cewa a tsaya. Na buɗe baki, duk Larabcina da Turancina suka gudu. "Tsaya! Ku tsaya!" Mai winshin ɗan Filifin ne, ina ya san tsaya? Baffa ne ya ɗaga hannu ya dunƙule, winshi ya yi shiru.

Bash-muhandis ya iso yana haki. Da ya ji abin da ya faru ya dafe kai, ya daka mini tsawa: "Kam habba?"

Na ce, "Wallahi kuwa, haba, ni ma abin..."

Baffa ya ce, "Ba haba ya ce ba, ya waladi. Habba. Ƙwaya nawa ce?"

"Talatin da uku."

"To talatin da uku za a ɗora a kan teburin nan. In ba su cika ba, rota ba ta sauka, kai kuma kafilinka, mai bizarka, zai buga maka takardar fita."

Aka mayar da rota mazauninta. Mutum ashirin, da ƙwararren da aka ɗauko daga Turai ana biyansa da awa, duk aka duƙa neman carbin ɗan Kano. Ranar farko aka samu ashirin da tara. Ranar biyu uku. Talatin da biyu ke nan, sai abin ya cije. Ni kuwa dabaru sai zubowa suke. Na ce a kawo maganaɗisu. Baffa ya ce dutse ne. Na ce a hura iska. Ya ce sai ta ƙara cusa ta ciki. Na ce a cika injin da ruwa ta taso. Ya dube ni.

"Muhandis, a jami'arku dutse na iyo?"

Ranar uku Juma'a ce, ba aiki. Bayan an sauko na zarce Mansur wajen Hajiya Dije, tsohuwar da ta sayar mini da carbin, tana zaune da tirenta kusa da masu tsire. Wata dabara ce ta kawo ni. Na tsuguna na hau ƙirga carbunanta. Na farko talatin da uku. Na biyu haka. Na biyar talatin da biyu! Na yi tsalle.

"Hajiya, kin ga! Wannan bai cika ba!"

"To ni na zare? Haka suke zuwa a kwali. Ka ƙara ɗaya da yatsa, Allah ya san nufinka."

"Nawa fa, wanda na saya wata uku da suka wuce, cikakke ne?"

"Ɗan nan, ni abin da na ci jiya ban riƙe ba."

Na kira Baffa a waya, na ce wataƙila nawa dama talatin da biyu ne. Ya ce, "Wataƙila. Kai za ka kunna injin a kan wataƙila?" Ya kashe.

To nan ne na yi abin da ya sa na tara ku. Na sayi wani carbin irin nawa sak, na tsinka shi a ɗaki, na ɗauki ƙwaya ɗaya. Na shawo kan kaina tsaf: ai an riga an tsince duka, ƙwayar da ake nema babu ita a duniya, taimakon kamfani ma zan yi. Da safe na sa ta ƙarƙashin harshe. Mai rajista ya yi mini sallama, na amsa da hanci. Bayan awa ɗaya ina rarrafe a gindin injin, na tofo ta, na goga mata baƙin mai, na kwarma ihu: "Habba! Habba!"

Aka yi ta tafi. Bash-muhandis har da rungumata. Ya ce gobe da safe a ɗaga.

Baffa ya zo teburin, ya jera ƙwayoyin a kan farin ƙyalle, ya goge tawa da babban yatsa, ya ɗaga ta a haske. Sauran duk sun dushe, bakin hujinsu ya suɗe saboda zare da gumin hannu. Ita kuwa sai sheƙi take. Yana murmushi, kamar taya ni murna yake, ya yi magana da Hausa, harshen da ba mai ji a ɗakin sai mu biyu.

"Wannan ba ta taɓa jin Subhanallahi ba."

Na matsa kusa da shi na ce, "Baffa, don girman Allah. Mahaifiyata..."

"Ni ma ina da uwa, tana Mansur, wutar nan take sha. Ba zan ɗaga wa winshi hannu ba. Ko ka faɗa wa mudir da bakinka kafin la'asar, ko ya tambaye ni dalili in faɗa."

"Korata za a yi."

"Mumkin, ya yiwu. Tafi."

Na tafi. Abin da mudir ɗin, Bash-muhandis, ya faɗa ba na maimaitawa gaban yara, kuma rabinsa ma ban gane ba, Larabcin Misira ne da gudu. Na dai ji kalmar jaki ta fito sau uku.

Aka aika Jidda aka kawo wata kyamara mai doguwar waya kamar maciji, ana zura ta rami-rami. Kwana biyu ana yi. Ranar ta biyu da hantsi sai ga ta a allo, ta lafe a kwanar ramin mai na boris ɗin baya, daidai inda mai ke bi ya shiga ƙarƙashin rota. Da an kunna injin a haka, mai ya tsaya, boris ya narke, rota ta ci kanta tana cikin gudu. Mutum nawa ke tsaye kusa da ita ranar kunnawa, ban so in lissafa ba. Ni da na rantse wa kaina babu ita a duniya!

Ba a kore ni nan take ba, don hannu ya yi ƙaranci. Mai rajista aka ɗaga, aka zaunar da ni a kujerarsa. Injiniya guda, ina laluben aljihun mutane. Kuma wallahi ba a taɓa mai rajista irina ba: hannun riga, safa, ƙarƙashin hular kwano, har baki sai ka buɗe. Ranar da aka sake ɗaga rota na tare Bash-muhandis da kansa, na zaro carbi daga aljihun ƙirjinsa. Ya harare ni. Na ƙirga a gabansa, na sa a tire.

Daga bayan igiya na kalli saukarta. Ɗakin tsit, Baffa na tsaye yana murza yatsu biyu, winshi na sakin igiya kamar kaurin gashi, a tsaya, a leƙa, a auna, a ƙara. Taku ɗaya na ƙarshe ya ci fiye da awa. Da ta kwanta a kan boris ko ƙara ban ji ba. Sai a lokacin na gane shafi ukun nan nawa ba su da abin da za su rage.

Wata shida na cika aka ba ni tikiti. Sauran biyar na ɗakinmu an ce su dawo baɗi, ni ba a ce mini komai ba. Na je Mansur sallama, Baffa ya sa aka kawo shayi. Na daure na tambaye shi ko zai sa mini baki wajen Bash-muhandis.

"Na riga na sa. Na ce masa kai ne ka ce a tsaya ranar farko, alhali da ka yi shiru ba wanda zai san naka ne sai ni. Kai ne kuma ka kawo ta ƙarya ranar huɗu."

"To me ya ce?"

"Ya ce zai auna ya ga wadda ta fi nauyi."

Na sauka a Kano da jaka ɗaya da jarkar zamzam. Sanyi biyu ke nan ya wuce, ina gyaran janareta a Sabon Gari, kuma duk lambar da ta shigo wayata da ba ta ƙasar nan ba sai na yar da sifana na ruga na ɗauka. Bash-muhandis ɗin da ke sa a sauke rota cikin yini ɗaya, har yau bai gama auna ƙwaya biyu ba.