Wanda Ya Yanka Mana Akuyar Kirsimeti

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Zan faɗi abin bi da bi, yadda ya faru.

Ni kuku ne a wani gida a Nassarawa GRA. Ni da matata Saratu muna zaune a ɗakunan baya. Ɗa ɗaya Allah ya ba mu, Yohanna. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Kano, mutanenmu da yawa suka kwashe kaya suka koma Zariya, mu muka zauna. A shekarar ne Yohanna ya durƙusa gabana ya ce, "Baba, na musulunta. Ba wanda ya tilasta mini."

Abu uku na yi. Na farko, na fitar da kayansa waje. Na biyu, na hana uwarsa ambaton sunansa. Na uku, na cire shi daga addu'ata. Ya koma unguwar Gama yana tuƙin motar haya. Shekara huɗu ban ga fuskarsa ba.

Ina zuwa coci ba fashi, amma kewa tana cina. Kullum da safe sai in fita bakin ƙofa kamar zan zubar da shara, alhali titi nake kallo. Mota ta wuce, in leƙa direba. Ku ji fa, ni da na kore shi!

Kun san al'adarmu: akuyar Kirsimeti Musulmi muke kira ya yanka, don maƙwabta su ci tare da mu. Malam Sani mai gadi, mutumin Jigawa, shi ke yanka mana. A shekara ta huɗu ya ce, "Baba kuku, bana ban yankawa."

Na ce, "Laifin me na yi maka?"

Ya ce, "Kana da mai yanka a gida, kana wahalar da tsoho? Mun haɗu da ɗanka ranar Juma'a. Abin da ya fara tambaya shi ne ciwon ƙafarka."

Raina ya ɓaci. Na shiga sito na rufe ƙofa, na durƙusa tsakanin buhuna. Can maganar haihuwar Mai Ceto ta faɗo mini. Allah bai jira mun gyaru ba, shi ya taso ya zo inda muke, har ya kwana a komin dabbobi. Na ce, "Ya Ubangiji, kai ka sauko daga sama, ni kuwa Gama ta gagare ni? Ka narkar da dutsen nan da ke ƙirjina!" Na yi kuka irin wanda ban taɓa yi ba.

Washegari na je Gama, na same shi yana wanke mota. Ya zube ƙasa. Maganar da na shirya duk ta gudu. Na ce, "Akwai akuya. Ƙarfe bakwai. Kada ka makara."

Ranar yankan, shida da rabi ya iso. Saratu ta riƙe masa ƙafafun akuya, hawaye bai bar ta ta ga komai ba. Ya ci shinkafa faranti biyu, ya yi sallar azahar a tabarmar Malam Sani, sannan ya tafi.

Ba zan yi muku ƙarya ba, bai dawo coci ba. Har yau in na zauna a benci ina jin gefena babu kowa. Amma yana zuwa gida, yana ce mini Baba, ni ma ina iya amsawa. Na gode wa Yesu da ya cece ni daga taurin zuciya! Wanda ke da ɗa a waje, kada ya jira. Ya dogara ga Ubangiji, ya tashi ya je. Amin.