Ƙwayar da Na Sa Aka Ɓare a Leda

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni tela ce a Nasarawa Gwom, don Allah a sakaya sunana.

Bayan haihuwata ta huɗu, ni da maigida muka yarda in huta. Kunya ta hana ni zuwa asibiti, sai na je kemis sayen ƙwayar tazarar haihuwa. Na ce wa mai kemis, "Oga, ɓare min su a leda, kar maƙwabta su ga kwalin." Bai tambaye ni komai ba.

Wata biyar ina sha, ƙafata ta kumbura. Likita ya ce jini ne ya daskare a jijiya, kuma ƙwayar na iya jawo hakan. Yanzu ko keken ɗinki ba na iya takawa. Maigida direba ne, kullum yana hanya. Masu dubiya suka ce iska ce, na ɓoye musu zancen ƙwayar, har suka daina zuwa.

Na samu wata lauya, ta ce, "Hajiya, ina kwalin? Meye sunan maganin?" Ban sani ba. Mai kemis kuma ya rantse bai taɓa ganina ba.

Malama, ku ba ni shawara. Kotu za ta saurari macen da shaidarta leda ce kawai?