Lambar da Marigayi Ya Bayar

A rumfar cacar lamba a Kumasi, wata mata mai baƙaƙen kayan takaba ta miƙa kuɗi. Mai rumfar bai karɓa ba.

"Maame, zuwanki na uku ke nan yau. Duk wanda ya wuce biyu, gida nake tura shi."

"Ba ni ke zaɓa ba, ɗana. Marigayi maigidana ke faɗa mini a mafarki."

"Ya taɓa ba ki wadda ta ci?"

"Sau ɗaya, sittin da uku. A satin yayarsa ta rasu. Shekarunta ke nan cif."

"Yau wacce ya ba ki?"

"Hamsin da takwas."

"Shekarun wa ke nan?"

Ta ƙulle kuɗinta a bakin zani.

"Jibi zan cika su."